Ƙwayoyin da Guba Ba Ta Kashewa

A shafin kimiyya na wannan mako mun kawo muku darasi a kan wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa a cikin ruwa mai guba. Labarinsu zai kai mu ƙasar Bangaladesh, maƙwabciyar Indiya.

A da, mutanen ƙauyukan Bangaladesh ruwan tafki da na kogi suke sha, kwalara da gudawa suna ta kashe musu yara. Daga shekarun 1970 gwamnati da hukumar UNICEF suka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse masu famfon hannu. Jama'a ma suka haƙa nasu, har rijiyoyin suka kai miliyoyi. Ruwa ya fito garau, kowa ya yi murna. Ashe an gudu ne ba a tsira ba. A 1993 aka tabbatar da cewa akwai guba mai suna asenik a ruwan wasu rijiyoyin, daga baya aka gano miliyoyin mutane ne ke shan ta.

Asenik sinadari ne mai lamba 33 a teburin sinadarai, alamarsa As. A cikin ruwa ba shi da launi, ba shi da wari ko ɗanɗano, kuma tafasa ruwa ba ya cire shi. Wanda ya yi shekaru yana sha, baƙaƙen ɗige-ɗige kan fito masa a fata, tafin hannunsa da na ƙafarsa su yi kanta. Yakan kai ga sankarar fata, ta huhu ko ta mafitsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 10 a lita ɗaya. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram.

To, wa ya zuba gubar? Babu kowa. Shekaru dubbai kogin Ganges da na Brahmaputra suna kwaso yashi daga duwatsun Himalaya suna jibgewa a ƙasar. Asenik yana manne a jikin tsatsar ƙarfen da ta lulluɓe yashin, kuma muddin yana manne ba ya shiga ruwa. Amma can ƙarƙashin ƙasa, inda babu iskar oksijin, akwai bakteriyar da ke cin ruɓaɓɓun tsirrai, suna amfani da tsatsar a madadin iska. Idan tsatsar ta narke, sai asenik ya kuɓuce ya shiga ruwa.

Me ya sa gubar ba ta kashe bakteriyar da ke zaune a wannan ruwa? Asenik iri biyu ne a ruwa, mai lamba 3 da mai lamba 5. Mai lamba 5 yana kama da fosfet, abincin da kowace ƙwaya ke buƙata, shi ya sa yake saɗaɗawa ta ƙofar da fosfet ke bi. Da ya shiga, sai ƙwayar ta juya shi ya koma mai lamba 3, ta tura shi waje ta wani ɗan famfo da ke jikin bangonta, kamar mai kwashe ruwan sama daga ɗaki da kwano. Ita ta tsira, amma ta bar mutane da matsala, domin mai lamba 3 ya fi dafi kuma ya fi saurin yawo a ruwa.

Akwai kuma wasu bakteriyar da ke yin akasin haka. Suna juya mai lamba 3 ya koma mai lamba 5, wanda ya fi saurin mannewa a jikin tsatsa. Masana suna amfani da irin waɗannan a matatar ruwa ta yashi da ƙarfe, domin a kama gubar kafin ruwa ya kai randa. Sun kuma sauya wa ƙwayar E. coli halitta ta yadda za ta yi haske idan ta haɗu da asenik, aka gwada ruwan rijiyoyi da ita a Bangaladesh. Saboda ido ba ya gane gubar, gwamnatin ƙasar ta sa an gwada rijiyoyi, aka shafa wa famfon masu haɗari jan fenti, masu kyau kuma kore.

Mu ma da yawanmu ruwan rijiya da na burtsatse muke sha. Darasinmu shi ne, hasken ruwa ba shi ne tsabtarsa ba, gwaji ne kaɗai ke bayyana abin da ke cikinsa.

Tambayoyin mako: Me ya sa tafasa ruwa yake maganin kwalara amma ba ya maganin asenik? Wane irin asenik ne ya fi dafi? Ku miƙa amsarku ga wakilin ƙungiyar 'yan jarida na ajinku kafin ranar Juma'a.