Gudummawar Kamfanoni da Rangwamen Haraji

Ya kamata masu kamfanoni su sani cewa dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2026, ta yarda a cire gudummawa daga riba kafin a yanka haraji. Amma da sharaɗi. Wajibi ne gudummawar ta tafi ga asusun gwamnati, ko cibiyar ilmi, ko ƙungiyar jinƙai da doka ta amince da ita. Kyauta ga mutum ɗaya ba ta ciki. Kuma abin cirewa ba zai wuce kashi 10 cikin 100 na riba ba. Misali, kamfanin da ya ci ribar Naira miliyan 200 ya ba da miliyan 30, miliyan 20 kaɗai za a cire masa. A adana rasit, domin shi ne shaida.