A Kai Yara Daji Su San Itace

A ƙasar Kambaza, kusa da Gwandu, yaro yakan fara bin awaki tun bai kai shekara goma ba. To, wannan yawon kiwo karatu ne, in akwai babba mai nuna masa abin da yake gani. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Darasi na fari shi ne gawo. Sauran itatuwa da damina suke ganye, shi kuwa da damina yake kakkaɓe nasa. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Da rani ya yi inuwa, dabbobi su taru ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu nan. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na sarari kyau. Yaron da bai san ɗan gawo ba, ranar noma sai ya sa masa fartanya don ya ga ƙaya.

Na biyu, a nuna masa mai amfani. Ɗorawa ke ba da kalwa ta daddawa, kaɗanya ke ba da man kaɗe, ɓawon kalgo kuwa da shi ake igiya.

Na uku, mai cutarwa. Ruwan tumfafiya yana ɓata ido. 'Ya'yan zaƙami suna juya hankali, har su yi kisa. Kada ya tura hannu rami ko ƙarƙashin gungume, nan kububuwa ke kwanciya. Kada kuma ya cinna wa daji wuta don farautar gafiya.

Kada a ɗauka abin wasa ne. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka fara barin tohon kututture a gonakinsu maimakon sarewa. Sukan zaɓi rassa masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Da wannan dabara aka farfaɗo da fili kamar hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da dashe ba.

Ga abin da uba zai yi. Lokacin sassabe ya tafi da ɗansa gona, ya nuna masa toho biyar, ya ce nasa ne. Yaron ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, ya riƙa duba su. Wanda ya raini itace da hannunsa ba ya saurin ɗaga masa gatari.