Daga Binne Zuwa Tumu: Lissafin Shekarar Manomi a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Bahaushe ya kasa shekara gida huɗu, watau bazara da damina da kaka da rani. Amma ga manomin Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, lokutan nan ba nauyinsu ɗaya ba. Abincin shekara duka ya rataya ne a kan wata ukun da ke tsakanin shuka da fitowar tumu.

Watannin Musulunci ba su yi wa manomi jagora a nan, domin shekararsu kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kamar kwana 11. Da su ake azumi da salla, amma shuka sai da alamun sama da na daji. Idan iska ta juyo daga kudu maso yamma, zafi ya tsananta, gawo ya soma zubar da ganye alhali sauran itatuwa na toho, to damina ta ƙarato. A lokacin an gama sassabe, an kai taki gona.

A nan ne binne ke shigowa. Binne shi ne a shuka gero cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ruwan farko ya tarar da iri a rami. Caca ce, domin in aka yi yayyafi iri ya tsiro, sa'an nan ruwa ya ɗauke, sai a sake shuka, wani lokaci har sau uku. Duk da haka ba wauta ba ce. Ruwa kan kankama ne wajen watan Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma wanda ya riga shuka shi ke riga cin sabon hatsi. Wannan tsoro ne har wa yau ke sa a haɗa gero da dawa da wake a gona guda: in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba su bukatar a yi musu bayanin wannan.

Tsakiyar damina, wadda Basakkwace ke kira malka, Bakano kuwa marka, ita ce mafi tsanani. Gona ta yi kore shar, amma ruhewa ta yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ga noman farko da maimai suna jiran ƙarfi. Don haka ne aka san gayya: samari su taru a gonar mutum guda, ganga na tashi, mai gona ya ciyar da su. Yanzu ƙwadago da maganin ciyawa sun rage ta ƙwarai.

Mutanen bakin Gulbin Zamfara, wanda ke biyowa ta Gumi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, nasu fargaban daban ne. Ruwan da manomin tudu ke roƙo a malka, shi ne kan cika gulbi ya shanye musu shinkafa. Sai dai su suna da fadama da kamun kifi idan rani ya shigo, lokacin da samarin tudu ke tafiya cin rani.

Gero kan nuna cikin kamar kwana 90. Tun bai bushe ba ake karyo kan farko a gasa a wuta, yara su murje su ci. Wannan shi ne tumu, kuma daga ranar da ya shigo gida mai gida ke rage zuwa awo kasuwa.