Yadda Ake Koyon Tarihin Fasahar Hannu Daga Mai Yara

A ɗakin kowace tsohuwa a garin Mai Yara na ƙasar Dakoro akwai abin da zai ishi mai son koyon tarihin fasahar hannu ya soma: ƙwarya mai zane, faifai mai launi, tabarmar kaba, tulu, wani lokaci har da babbar riga mai aska takwas da aka gada. Ɗalibin jami'a da hotunan littafi yake farawa, amma saurayi ko budurwa a ƙasar Dakoro da abin da za su riƙa a hannu su jujjuya. Kayan aikin ba su da yawa: kaye, bik, magwajin tela, da salula mai ɗaukar hoto.

Matakin farko shi ne kallo. Mai koyo ya zaɓi abu ɗaya, a ce ƙwarya, ya zauna da ita kamar minti 15 ba tare da ya yanke cewa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ya auna faɗin bakinta da zurfinta. Ya duba ko da wuƙa aka kankare zanen, ko da ƙarfe mai zafi aka ƙona shi, ko an shafa farar ƙasa a cikin tsagar. Ya gano inda mai sassaƙa ya fara da inda hannunsa ya ɗan goce. Sa'annan ya kwafi zanen a kaye da hannunsa, ko da bai iya zane ba, don mai kwafa dole ya ƙirga layuka, mai ɗaukar hoto kuwa dannawa kawai yake yi ya wuce.

Daga nan sai tambaya, kuma nan ne yawancin masu koyo ke tsayawa da wuri. In aka ce, "Inna, yaushe aka yi wannan?" amsar da za a samu ita ce, "Haka muka tarar tun kaka da kakanni." Gaskiya ta faɗa, amma ba shekara ba ce. Sai a sake lale: "Inna, da ita aka kai ki ɗaki, ko daga baya kika saya? A wace kasuwa? Zamanin Jori ne ko na Kunce? Kafin El-Buhari ko bayanta?" Jori Hamani ya yi mulki daga 1960 zuwa 1974, Kunce daga 1974 zuwa 1987, yunwar El-Buhari kuma ta 1984 ce. Ga shi ƙwarya ta sami zamani. A tambayi sunan kowane zane, a kuma rubuta wa ya faɗa, don Bahaushiya da Bafulatana da Buzuwa ba lalle su kira shi da suna ɗaya ba.

Abin da ake kira na gargajiya yana sauyawa, kuma sauyin nan shi ne tarihin. Jeren amarya ya tashi daga ƙore zuwa kwanonin samira, daga nan zuwa tangaran da kuloli. A fuskar gidajen ƙasa na Damagaram da Kano da Zariya, maginan ƙarni na 20 sun shigar da keke da mota da jirgin sama a gefen dagi. Magini ba ya zana keke kafin ya gan shi, saboda haka bangon da kansa ya faɗi cewa bai girmi zuwan keke ba.

A dage wajen neman sunan wanda ya yi aikin. Gidajen tarihi da yawa kan rubuta "Hausa, ƙarni na 19" su tsaya, sai ka ce ƙabila ce ke riƙe allura. Alhali Babban Gwani Mika'ilu ne ya gina masallacin Juma'a na Zariya a wajajen 1830 zuwa 1840, Ladi Kwali kuma, maginiyar tukwane da ta shiga cibiyar Michael Cardew a Suleja a 1954, hotonta ne a bayan naira 20.

Mataki na uku shi ne jera zamanai. A haɗa takardu huɗu ko biyar a tsawo, a ja layi a tsakiya: sama na yankinmu, ƙasa na sauran duniya. Farkon layin sama na raƙuman dawa biyu ne da aka sassaƙa a dutsen Dabus, kusa da hanyar Agadas zuwa Arlit. Babban ya fi mita 5, masana kuma na ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 da 8,000. Christian Dupuy ne ya sanar da duniyar masana su a 1987. Mutumin Dakoro na da dalilin duba su da kyau: a 2018 aka kawo raƙuman dawa 8 daga Kure zuwa gandun Gadabeji, nan arewa da Dakoro, kuma wanda ya ga na gaske zai san cewa mai sassaƙan Dabus ya san dabbar ciki da bai, har dabbare-dabbaren jikinta. Zane-zanen duwatsun Sahara ana kasa su bisa dabbar da ta fi yawa a ciki: namun daji, shanu, dawaki, sai raƙuma a ƙarshe, waɗanda suka yaɗu wajen shekara 2,000 da suka wuce.

Bayan Dabus sai mutum-mutumin yumɓu na Nok a tsakiyar Najeriya, na ƙarnukan da suka gabaci haihuwar Annabi Isa. Sai tukwanen kushewa na Bura kusa da Tera, daga ƙarni na 3 zuwa na 13. Sai kawunan tagulla na Ife. Sai hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, da aka fara ginawa a 1515 aka sake a 1844. A layin ƙasa a sa zanen kogon Lascaux na Faransa mai shekara kimanin 17,000, dalar Giza a Masar, fadar Alhambra ta Andalus a ƙarni na 14, da Taj Mahal da aka soma a 1632.

Daɗin abin yana fitowa in aka duba sama da ƙasa tare. Michelangelo ya gama zanen rufin ɗakin ibadar Sistina a Roma a 1512, shekara uku kafin masallacin Agadas. Lokacin da Babban Gwani ke aiki a Zariya, Hokusai na buga zanensa na babbar igiyar ruwa a Japan. A 1907 aka gama masallacin Jenne na yanzu a Mali, a shekarar ce kuma Picasso, bayan ya kalli kayan sassaƙan Afirka a gidan tarihin Trocadéro, ya yi zanen matan Avignon da ya rikita masu zanen Turai.

Na huɗu, kwatance, abu biyu biyu, kuma tambayar ita ce me ya sa suka bambanta. Mai koyo ya ajiye hoton cikin masallacin Zariya kusa da na Sulaimaniyya da Sinan ya gama a Istanbul a 1557. Duka biyu suna neman rufe fili mai faɗi ba tare da ginshiƙai sun cika shi ba. Sinan na da dutse. Babban Gwani na da tubali da azarar giginya, wadda gara ba ta ci amma ba ta ɗaukar nauyi in ta yi tsawo. Sai ya ɗaɗɗaure gajerun azara, kowace ta ɗan wuce ta ƙasanta, aka lulluɓe da laka, ya fitar da bakan gizo. Itatuwan da suka tsattsago daga hasumiyar Agadas kuma ba ado kaɗai ba ne, su ake takawa wajen yaɓe. Wanda ke zaton wannan gini ya ƙare da mutanen da, ya nemi hoton masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Alhaji Falke Barmu ya soma a 1962, ya kuma ci kyautar Aga Khan a 1986.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da siffar abu mai rai ba, ba a rufe masa ƙofa ba. Allon zayyana na ɗalibin da ya sauke, in aka ajiye shi gefen hoton bangon Alhambra, ya isa aikin wata guda.

Na biyar, a karanta littafi da ido biyu. A 1910 Leo Frobenius, Bajamushe, ya ga kan tagulla a Ife ya ce aikin mutanen wata ɓatacciyar ƙasa ce, Atlantis, don bai yarda Yarabawa za su iya ba. Kawunan da aka tono a 1938 kusa da fadar sarkin Ife da binciken da ya biyo baya sun rushe maganarsa. Duk shekarar da marubuci ya bayar, a tambaya ta ina ya samo ta: daga rubutu, daga bakin mutane, daga awon sinadarin kabon a gawayi ko ƙashi, ko daga awon da ke nuna zamanin da yumɓu ya shiga wuta. A intanet, gidan tarihin Birtaniya na da dubban hotunan zanen duwatsun Afirka, gidan Metropolitan na New York kuma na da jerin zamanai da ake dubawa kyauta. In an sami rezo mai ƙarfi a Dakoro ko Maraɗi, a sauke hotuna a ajiye a waya.

Tafiya ta zo daga baya, gwargwadon aljihu: dukawan Maraɗi masu aikin fatar jar akuya, unguwar Birni da fadar sarkin Damagaram, tukwanen Mirya, marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama a Kano, da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, inda maƙeran Buzaye ke aiki a gaban mai kallo. Ko'ina aka je, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, a bar wa mai sana'a ɗan goro.

Saura abin da manomi ke iya cin karo da shi. Bura wani mafarauci ne ya gano ta a 1975, Bube Gado na cibiyar bincike ta IRSH ya yi tono a 1983, ya fito da mahayin dokin yumɓu da aka nuna a New York a 2020. Amma masu haƙa don sayarwa sun yi wa yankin kaca-kaca, har a 2000 aka sa kayan Bura cikin jerin kayan tarihin da ake gargaɗin duniya kada ta saya. Tukunyar da aka fizge daga raminta ta rabu da gawayi da ƙasusuwan da za su faɗi shekarunta. In hauya ta tono tsohuwar tukunya ko tarin tama a gona, a bar su yadda suke, a ɗauki hoto da bik a gefe don a gane girma, a rubuta wurin, a sanar da mai gari da magajin gari. Dokar Nijar ta 1997 kan kayan tarihi ta hana tono ko fitar da su waje ba da izini ba.