Yaya Ake Zama Masanin Abinci Mai Rajista a Amurka?

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga wata mai sauraro a Zariya, wadda ke son sanin yadda ake samun shaidar RDN, wato ta ƙwararren masanin abinci mai gina jiki da ke da rajista a Amurka.

To Malama, hanyar da ɗan tsawo. A da digirin farko ya wadatar, amma tun daga 1 ga Janairun 2024, hukumar rajista ta CDR ba ta barin sabon ɗalibi ya zauna jarrabawarta sai da digiri na biyu. Darussan kuma dole su kasance waɗanda hukumar ACEND ta amince da su.

Inda gizo ke saƙar shi ne horon aiki: aƙalla awa 1,000 a hannun ƙwararru, a asibiti da ɗakin girkin makarantu da cibiyoyin lafiyar al'umma. A nan za ki koyi auna wa mai ciwon ƙoda gishiri da ruwan da zai sha, ko haɗa abincin da ake zura wa majinyaci ta bututu. Galibi ba albashi a wannan lokaci, sau da yawa ma ke za ki biya, kuma a ganina wannan ne ke karya gwiwar masu ƙaramin ƙarfi.

Bayan cin jarrabawa, yawancin jihohi na neman nasu lasisin daban, sannan duk shekara 5 sai kin nuna awa 75 na ƙarin ilimi. In digirinki na Najeriya ne, za a fara tantance shi tukuna a ga matsayinsa a tsarin Amurka.