Darasi na 14: Kalandar Waya Mai Launi

Dukanmu mun san kalanda. Ita ce takardar nan da ake ratayewa a bango, mai nuna ranaku da watanni. To, yanzu akwai irinta a cikin wayar hannu. Ita ta waya ta fi ta bango da abu biyu. Na fari, tana buga ƙararrawa ta tuna mana aiki. Na biyu, muna iya ba kowane irin aiki launinsa. A kan wannan launi za mu yi magana yau.

Me ya sa muke bukatar kalanda?

Mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum yawancinmu manoma ne. Daminarmu gajera ce. Ruwa yakan sauka wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Cikin waɗannan 'yan watanni za mu yi shuka, da noman farko, da zuba taki, da maimai. Wanda ya makara da mako guda, ciyawa ta riga shi. Abin da ciyawa ta ci ba ya zuwa rumbu.

Tun da can iyayenmu ba su zauna haka kawai ba. Malamai suna lissafin shekara da taurari 28, kowane tauraro kwana 13, su gaya wa manoma lokacin shuka. Wannan ma kalanda ce. Amma yanzu sha'ani ya yi yawa. Ga gona, ga kasuwa, ga asibiti, ga makarantar yara, ga adashi, ga namu ajin karatu. Kai ɗaya ba ya riƙe wannan duka.

Har wa yau, lissafi biyu muke bi. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355. Shekarar Bature kwana 365 ce ko 366. Watau tsakaninsu akwai misalin kwana 11. Shi ya sa azumi yakan zo wani lokaci da damina, wani lokaci da rani. Gona kuwa ba ta bin watan sama, ruwa take bi. Saboda haka lalle mu riƙa duban lissafin nan biyu tare.

Amfanin launi

Mu da muke koyon karatu ba mu yi sauri ba tukuna. Kalma guda takan ɗauke mu lokaci. Amma launi ba ya bukatar haɗa baƙi. Da kallo ɗaya mun gane ja, mun gane kore. In muka buɗe kalanda muka ga mako ya cika da kore, mun san makon gona ne tun ba mu karanta kome ba.

Kalandar da ake kira Google Calendar, wadda aka fito da ita a shekarar 2006, tana da launuka da yawa da za a iya sa wa aiki. Kada mu ɗauke su duka, sai su rikita mu. Huɗu sun isa.

Ja: lafiya. Ranar awon ciki, ranar allurar yara, ranar komawa asibiti.

Kore: gona da dabbobi. Shuka, noma, taki, girbi, da ban ruwa ga masu noman rani a fadamun Gulbin Zamfara.

Rawaya: kuɗi. Ranar kasuwa, ranar zubin adashi, ranar biyan bashi.

Shuɗi: ilmi da zumunci. Ajin karatu, suna, ɗaurin aure, gaisuwa.

Launin da muka zaɓa, mu tsaya a kansa. In yau ja lafiya ne, gobe ma lafiya ne.

Ja ba ya motsi

Ga doka guda da za mu riƙe. Kowane launi ana iya matsar da shi, ban da ja. Mutanen wannan ƙasa sun san dalili. A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaran da aka yi wa magani, ba zuwa ɗaya suka yi ba. An yi ta kai su, ana auna jininsu, ana ba su magani, kowa da ranarsa. Haka allurar rigakafi take. Ana yi wa jariri da an haife shi, sa'an nan a mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9. Rigakafi ya fi magani.

Ga misali

A ce an yi wa wani manomi haihuwa ran 1 ga Mayu. Mako 6 kwana 42 ke nan. Allura ta faɗa ran 12 ga Yuni. Sai ya sa ja a wannan rana, gama shi zai kai mai jego asibiti a kan mashin.

Ruwa ya sauka, ya yi shuka ran 29 ga Mayu. Ya yi niyyar kama noman farko bayan kwana 14. Ya ƙirga, sai ga shi 12 ga Yuni. Ya sa kore. Da ya duba sai ya ga ja da kore rana ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Nan da nan ya mai da kore ran 13, ya aika wa 'yan gayya. Da bai rubuta ba, sai da safen nan zai gane. Ga mutane sun zo da fartanya, ga uwargida ta goya yaro tana jira. Dole ɗaya ya lalace.

Yadda ake yi

1. Mu buɗe kalanda a waya, mu taɓa ranar da muke so.

2. Mu rubuta aikin da kalma ɗaya ko biyu, kamar "allura" ko "taki".

3. Mu zaɓi launinsa.

4. Mu sa ƙararrawa ta buga tun jajibere, don mu shirya.

5. Aikin da yake dawowa kowane mako, kamar kasuwar Talata Mafara ran Talata, sau ɗaya za mu rubuta, mu umarci waya ta riƙa maimaitawa.

Ana iya sa kalandar ta nuna kwanan watan Musulunci kusa da na Bature. Amma mu tuna, lissafi ne kawai. Azumi da Salla sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa daga Sakkwato.

Kada mu cika kowace rana maƙil. Ruwan sama ba ya shawara da kowa, baƙo ma haka. Mu bar fili kaɗan kowane mako.

Wanda ba shi da babbar waya fa? Kada ya damu. Ya sami kalandar bango da alkalami kala huɗu, ya riƙa zagaye ranaku. Mai waya ma ya kamata ya yi haka, gama waya takan mutu ba caji, takarda kuwa ba ta mutuwa. Kuma in tana bango, mai gida da uwargida da yara duk sun gani.

Kowace Jumma'a bayan an sauko daga masallaci, mu zauna mu duba makon gaba. Da sanyin safiya ake kama fara. Ga kuma wata riba: kowace kalma da muka rubuta a kalanda, hannunmu ne yake ƙara faɗawa.

Tambayoyi

1. Kwana nawa ne tsakanin shekarar Musulunci da ta Bature?

2. Wane launi ne ba a matsarwa? Don me?

3. In an haifi yaro ran 1 ga Mayu, yaushe zai cika mako 10?

Aikin gida: kowa ya rubuta ayyuka 4 na makon gobe, ya ba kowanne launinsa, ya kawo aji mu duba tare.