Kafin ka sayi motar China

Mu mutanen Dambatta, Bichi da Makoɗa ba baƙin ƙarfen China ba ne. Babur Jincheng ya daɗe yana kai mu gona da kasuwa, manyan motocin Howo na kamfanin Sinotruk kuwa kullum suna wuce mu da siminti a hanyar Daura. Yanzu ƙananan motoci ne ke shigowa: Chery, Geely, GAC, JAC. A 2023 China ta sha gaban Japan wajen fitar da motoci zuwa ƙasashen waje.

Ɗan'uwa, idan ka sayar da gero da gyaɗa da shanun kiwo za ka sayi mota, kada sheƙin fenti ya ɗauke maka hankali. Fara zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa. Tambayi masu kayan gyara ko suna da birki, kuloci da famfon mai na wannan samfurin, da kuɗinsu. Sannan ka zauna da bakaniken garinku, wanda zai shiga ƙarƙashinta ranar da ta tsaya maka da buhunan taki a tsakiyar damina. In ya ce bai taɓa buɗe injinta ba, to ka dakata. Na san wanda motarsa ta yi wata biyu a gindin darbejiya tana jiran ƙarfe ɗaya daga Legas.

Duba tsayin motar daga ƙasa ma, saboda yashi da zaizayar hanyoyinmu.

Mota mai lantarki irin ta BYD tana rage kuɗin fetur, amma a ƙauyen da wuta ba ta zama, ka haƙura da ita tukuna.